Wasan da Ba a Ƙirgawa

Kawu Salifu na tauna goro a ƙofar shago, ya ce,
"Wasan nan naku na Asabar, wane kofi ke ciki?"
Na ce babu kofi.
"Maki fa?"
Na ce ko an ci, ba ya hawa teburi.
Ya tofar da ja a kwata:
"Ashe wahala za ku saya, har da kuɗin mota."

Ban tanka ba. Na ɗau hular kwanona,
wadda na tono a dilar gwanjo a Kejetiya.
Akwai sunan wani yaro a ciki, rabi ya goge,
har yau tana warin gumin da ba nawa ba.

Filin makaranta ne a Asawase,
ruwan daren jiya ya dama shi kamar koko.
Layin da muka ja da toka ya narke,
ƙwallon nan ta Amurka mai siffar gwanda
tana sulɓewa kamar tarwaɗa a hannun ɗan koyo.

Awudu Dogo da Kwabena mai jifa,
minti goma suka yi aka zaunar da su.
Ƙafarsu da tsada, ana ajiye ta
sai kakar wasa ta kama.
Sannan Koci Opoku ya buɗe littafinsa,
ya dubi benci, ya dube mu,
mu da ba a san sunanmu ba sai lambar baya.
Mu hamsin da biyu ne. Riga arba'in ce.

"Hamsin da takwas!"
Na miƙe, gwiwa na rawa.

Karon farko na bi ƙwallo da ido, na bar mutumina,
ya wuce ni kamar turoturo ya ga ɗan sanda.
Karo na biyu na ji kiran da kyau,
na sunkuya, na sa kafaɗa inda aka koya mini,
muka zube tare cikin taɓo.
Ya tashi yana zagina da Turanci da Asante,
sannan ya miƙo hannu ya ɗaga ni.
Na ga fensir ɗin Koci ya motsa.
Ban san me ya rubuta ba.

Kada in yi ƙarya, wasan na cin mutum.
Fuseni ya faɗi, gwiwarsa ta yi ƙara
irin ta busasshen kara a murhu.
Mu huɗu muka ciccibe shi zuwa tasi,
yana tambaya, "An sa sunana? An gani?"
Wasan da ba a ƙirgawa
ya ƙirga masa wata shida a kan tabarma.

Kawu, kai da ka shekara talatin a garejin Suwame,
ka taɓa sauke inji, ka ɗaure, ka miƙa wa mai shi mukulli
ba ka zaga da motar ka saurari tarinta ba?
Kai ka koya mini a bar ta ta yi zafi,
in za ta tsiyaya, ta tsiyaya a gabanka,
ba a tsakiyar hanyar Tamale da fasinja ba.
Ba a fafe gora ranar tafiya,
daga bakinka na ji, ina riƙe maka sufana.

An tashi sha huɗu da shida, ko sha huɗu da tara,
har alƙalin wasa bai riƙe ba.
Adiza mai wake da shinkafa ta ba mu bashi,
muka ci a ganye, laka har kunne.

Ranar Litinin aka manna takarda a ƙofar kwantena.
Na fara daga sama, yatsana na sauka,
na wuce Awudu, na wuce Kwabena,
na wuce inda Fuseni zai kasance.
Can ƙasa, inda takarda ta fara naɗewa:
Gariba, hamsin da takwas.
Sauran sunaye da biro.
Nawa da fensir.

Akwai wani wasan ranar Asabar, Kawu.
Shi ma ba a ƙirga shi.
Ka ranta mini kuɗin mota.